Takarduna Ba Ɓata Suka Yi Ba

Lyon, 20 ga Nuwamba, 2016

Zuwa ga Yayata Hassia,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Gaisuwa mai yawa tare da ban girma daga ƙanenki Salifou. Ina fatan wannan takarda za ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da Malam Yakubu da yara gaba ɗaya. Yaya ƙafar taki da kika ce tana kumbura in kin daɗe a tsaye? Allah ya kawo sauƙi, ya sa kaffara ne. Na ji an ce hatsi ya yi kyau bana a wajen Mirya, Allah ya sa albarka a abin da aka samu. Mu nan lafiya lau muke, sai sanyi da ya fara shigowa. Matata Leïla ta samu aikin rabin yini a ɗakin dafa abincin wata makaranta kusa da gida. 'Yarmu Raihana ta shiga aji biyu, karatun Faransanci har ta fara gyara mini, amma Hausarta duk ta karkace, in ta ce "ina kwana" sai kin yi dariya. Kullum tana tambayar yaushe za ta ga Gwaggo Hassia da ido.

Yaya, saƙon muryarki ya iso, na kuma saurare shi har sau uku. Kin ce Kawu Isufu ya zo gidanki sau biyu, ya zauna yana hawaye, yana cewa na kai ɗansa Ɗan Juma gaban alƙalin Turawa a kan kuɗin tambur, wato kan sarkin da ake saye wajen sake takardu. Kin ce in dubi zumunci, in dubi tsufan Kawu, in rubuta takardar yafiya da lauyan Ɗan Juma yake nema don ɗaukaka ƙara. Ban amsa miki ta waya ba, domin maganar ta fi ƙarfin waya, kuma na san in na ji muryarki zan ji nauyi in kasa faɗin rabin abin da ke raina. Shi ya sa na zauna na rubuta, zan ba Hajiya Zouera da za ta taho Damagaram ranar Alhamis ta kawo miki hannu da hannu. Ki karanta har ƙarshe, sannan ki yanke mini hukunci.

Kin san shekara bakwai na yi ina tuƙa wa Ɗan Juma motar kaya a Paris. Ni ke zagaya unguwanni ina kwaso tsoffin firji da tayoyi da kwalayen 'yan kasuwa, in kai ma'ajiyarsa da ke Porte de la Chapelle, inda ake loda kwantena zuwa Kwatano. Albashin da yake ba ni, ko ke na ɓoye wa yawansa don kunya. Ban taɓa yin ƙorafi ba, ina cewa ɗan kawuna ne, shi ya sauke ni a ɗakinsa lokacin da na zo ƙasar nan ban san kowa ba. A farkon bara, watan Fabrairu, wani kamfanin raba magunguna a Lyon ya ɗauke ni aiki na dindindin, da albashi cikakke da hutu. Suka ce in zo ranar Litinin da katin zamana da permi, wato lasisin tuƙi, da fasfo in sa hannu. Na gaya wa Ɗan Juma tun ranar Laraba. Ya ce Allah ya sa alheri, har ya dafa kafaɗata. Ranar Asabar na haɗa takardun uku a 'yar jakar fata, saboda daga wurin aiki nake so in biya in yi musu hoto. Na rataye jakar a ƙusa cikin ma'ajiya, na shiga lodi. Da na dawo bayan azahar, ƙusa ce kawai.

Mu uku ne a wurin ranar: ni, da Ɗan Juma, da Malam Nouhou, wani dattijo mutumin Tawa mai furfura da ke taya mu lodi. Mun birkice ma'ajiyar nan kaf, Ɗan Juma har da durƙusawa yana leƙa ƙarƙashin firji. Daga baya ya ja ni gefe ya ce shi dai ba ya son ɗaukar alhakin kowa, amma ya ga Malam Nouhou ya fita sau biyu, kuma kowa ya san ana sayen katin zama da tsada a bakin titin nan. Yaya, ni da bakina na tsaya gaban 'yan kasuwar da hayaniya ta tara na kira dattijon nan ɓarawo. Ya juye aljihunansa, carbi da goro da tikitin metro suka zube ƙasa, ya tsince su ɗaya bayan ɗaya, ya ɗauki rigar sanyinsa ya tafi. Ɗan Juma ya bi shi da cewa kada ya sake taka masa wuri.

Ranar Litinin na je Lyon hannu wofi, sai takardar shaidar ɓata da na karɓo. Matar da ke ɗaukar ma'aikata ta yi mini kirki, ta ce za su jira ni sati biyu. Ashe sake takarda a ƙasar nan ba aikin sati biyu ba ne. Wurin permi suka ce sai na kawo shaidar ko ni wane ne. Wurin katin zama suka ce sai na kawo fasfo. Wurin fasfo suka ce sai takardu sun je Yamai sun dawo. Ko'ina kuma da kuɗinsa. Permin nan nawa sabon samfuri ne, ɗan ƙaramin kati mai santsi, ban fi shekara da karɓarsa ba, amma sai da na sayi tambur na yuro ashirin da biyar kafin su karɓi takarduna. Na katin zama ya haura ɗari, ban da fasfo da hotuna da kuɗin jirgin ƙasa. Leïla ta sayar da 'yan kunnenta na aure ba ta gaya mini ba, sai da na ga kunnen wayam. Na yi layi a ƙofar firfektir, ofishin da ke ba baƙi katin zama, cikin ruwan sama, na kai gaba aka ce lambobin ranar sun ƙare, in dawo gobe. Sati biyu suka wuce, aka ba wani aikin. Na koma motar Ɗan Juma da takardar wucin gadi a aljihu. Ya tare ni da fara'a, ya zaro yuro hamsin gaban 'yan kasuwa ya ce in rage kuɗin tambur, kuma na san a ranar ya buga waya gida ya ba da labarin alherin da ya yi mini, don ke ma kin kira ni kin ce in gode masa.

Sauran kin fi ni sani. A watan Afrilu jinin Inna ya hau, ɓarin jikinta ya shanye. Kwana goma sha ɗaya ta yi a kwance. Kina kara mata waya a kunne, ina jin tana ƙoƙarin kiran sunana harshe ya ƙi. Na je ofishin jakadanci, suka ce za su iya ba ni takardar da zan fita da ita, amma dawowa ba tabbas tunda katin zama bai fito ba. Na tsaya a bakin titi ina auna Inna a can, da Leïla da Raihana a nan. Na ce bari in ƙara kwana biyu ko kati zai fito. Kati ya fito kwana tara bayan an binne ta. Ɗan Juma kuwa ya hau jirgi da matarsa, ya zo ya zauna a kan tabarmar makoki inda ya kamata in zauna, yana karɓar ta'aziyyar uwata, yana gaya wa mutane cewa Salifou sakaci ya yi da takardunsa. Kin rubuto mini cewa shi ya sayi buhun shinkafar sadakar bakwai, kin sa masa albarka. Ni ma na sa masa.

A watan Satumba na samu wani aikin tuƙi a nan Lyon, bai kai na farko ba amma ya fi na Paris, muka tattaro muka kama ɗaki biyu a unguwar Guillotière. Watanni kaɗan bayan haka wani abokin aikina ya ba ni shawara in duba makin permina. A nan kowane direba yana da maki goma sha biyu, duk laifin da ya yi a titi ana ragewa, in suka ƙare an karɓe permi. Na je na duba hankalina kwance, don ban taɓa yin gudu ba. Aka ce saura huɗu. Laifi biyar, duk na gudu, duk da motar Ɗan Juma, uku daga ciki a ranakun da nake nan Lyon ina raba kaya. In na'ura ta ɗauki hoton mota, ana aika wa mai motar takarda, shi kuma yana iya rubuta sunan wanda ke tuƙi da lambar perminsa. Sunana yake rubutawa, ya sa adireshin shagonsa, ya biya tarar a ɓoye, makin ya fita daga wurina. Nasa makin biyu suka rage, shi ya sa. Laifi ɗaya ko biyu nan gaba, da na rasa permi da aiki gaba ɗaya ban san hawa ba ban san sauka ba.

Ko a lokacin ban kawo maganar jaka a raina ba. Na ɗauka tsohon hoton permina ya yi amfani da shi. Sai a watan Janairu Rékia matar Ɗan Juma ta kira Leïla ta ce ta zo Lyon wurin ƙanwarta, tana so ta biyo ta gaishe mu. Ta zo da hantsi, ta ƙi zama, ta ƙi shan ko ruwa. Ta zaro wata leda daga jakarta ta ajiye a kan tebur. Ta ce tana neman katin rigakafin yara ne ta buɗe akwatin ƙarfen da ke ƙarƙashin gadonsu, ta tarar da wannan a ƙasan kaya. Jakata ce, Yaya. Fasfo da katin zama da permi, har da ɗan hoton Inna da nake ajiyewa a ciki, ko lanƙwasa ba su yi ba. Rékia ta ce: "Na ci shinkafar sadakar Inna da bakina, ba zan iya kwana da wannan a ƙarƙashin gadona ba." Ta ce za ta gaya wa mijinta da kanta cewa ita ta kawo, kuma ta gaya masa. Yanzu haka tana gidan wanta da yara. In Kawu yana zaginta a gabanki, ki tare mata, don ita ce mai gaskiya a gidan nan.

Da ta fita na zauna ina duban fasfon. Ranar da Inna take ƙoƙarin kiran sunana, fasfon yana nan cikin Paris, tafiyar minti ashirin daga inda nake tsaye ina kuka. Ɗan Juma ya san inda yake. Ya ga ina shiga ina fita, ya ji ana cewa jiki ya tsananta, yana iya jefa jakar a ma'ajiya ya ce an tsinta, ba wanda zai tuhume shi. Bai yi ba, domin in na samu takardu zan iya barin motarsa.

Abu na farko da na yi, na hau jirgi zuwa Paris na nemi Malam Nouhou. Kwana biyu ina tambaya kafin na same shi a wani gidan ma'aikata, mutum huɗu a ɗaki ɗaya. Tun ranar nan babu ɗan kasuwarmu da ya sake ba shi lodi, shara yake yi a kasuwa da asuba. Na durƙusa a gabansa na nuna masa jakar na roƙi gafara. Ya daɗe yana dubana, ya ce abin da ya fi yi masa ciwo shi ne labarin ya kai Tawa, 'ya'yansa sun ji. Ya ce ya yafe mini, amma yana so a wanke sunansa a inda aka ɓata shi. Na ce abin da ya kawo ni ke nan.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci muka tafi shagon Ɗan Juma a unguwar Goutte d'Or, lokacin da alhazai ke taruwa shan shayi. Sun kai mutum goma sha biyar. Na yi sallama, na gaida kowa da sunansa, na ajiye jakar kusa da butar shayi, na buɗe ta na jera takardun. Ɗan Juma ya fara cewa daga baya ya tsince ta, kunya ta hana shi faɗa. Na tambaye shi ranar. Ya sauya ya ce don amfanina ya yi, aikin Turawa ba shi da tabbas. Wani Alhaji mutumin Maraɗi ya matsa masa, sai ya fusata ya ce: "To wa zai tuƙa mini mota in ya tafi?" Malam Nouhou ya juya ya dubi fuskokinsu ɗaya bayan ɗaya, babu wanda ya iya ɗaga kai. Dattawa suka ce a yi sulhu, Ɗan Juma ya biya ni abin da na kashe na sake takardu. Ya buɗe aljihun tebur ya fara zaro kuɗi, ya ce zai ninka sau goma. Wannan shi ne kuɗin tambur ɗin da Kawu yake faɗa miki. Ban taɓa ko ɗaya ba. Na ce masa ya ajiye, zai buƙace su wurin lauya.

Daga nan komisariya, ofishin 'yan sanda, na wuce na shigar da ƙara. Na ɗauki lauya, aka nemo hotunan na'ura, ga Ɗan Juma nan a bayan sitiyari da hularsa, babu mai musu. Patron ɗina, wato maigidana a wurin aiki, ya ba da shaidar ranakun da nake aiki a Lyon. Rékia ta ba da shaida a rubuce, Malam Nouhou ya sa babbar rigarsa ya zo da kansa. A watan jiya alƙali ya yanke hukunci: an mayar mini da makina, an karɓe permin Ɗan Juma, an ci shi tara, an kuma rataya masa ɗauri a wuya in ya sake. Ban tsaya nan ba, kuma ba zan ɓoye miki ba. Shekara bakwai ina ɗaukar kayan 'yan kasuwa, lambar kowa tana wayata. Na kira su ɗaya bayan ɗaya, har matan da ke aika kwali biyu a shekara, na gaya musu abin da ya faru ba ƙari ba ragi, na tambaye su ko za su ci gaba da ba wa irin wannan mutum amanar kayansu. Kwantenarsa ta watan Satumba rabi ta tafi. Ta wannan wata ban ji an loda ba. Wanda yawancinsu suka koma wurinsa ya ɗauki Malam Nouhou aikin kula da ma'ajiya, ni na kai shi.

Yanzu tsoronsa shi ne katin zamansa zai ƙare baɗi, kuma da wannan hukunci a kansa sabuntawa za ta yi wuya. Shi ya sa yake son takarda daga hannuna cewa rashin fahimta ne tsakanin 'yan uwa. Yaya, ba zan rubuta ba. Ya je ya yi layi a ƙofar firfektir cikin ruwa yadda na yi, ya sayi tambur da kuɗinsa, ya kwana bai san ko za a ba shi ko za a hana shi ba. In an hana shi ya dawo Damagaram, ya riƙa wucewa ta ƙofar gidan Inna kullum. Na san za ki ce zuciyata ta yi tauri. Leïla ma ta faɗa, limamin masallacinmu ma ya karanto mini falalar mai yafiya, na saurara da ladabi. Allah ya ba wanda aka zalunta damar ya rama daidai, kuma ni ban ma kai daidai ba. Ban ɗauke masa komai a ɓoye ba, ban yi masa ƙarya ba, ban hana shi ganin kowa nasa ba.

Satin da ya wuce na je Paris da 'yar motata wurin lauya. A hanyar dawowa na tsaya a jar fitila a Porte de la Chapelle, ana yayyafi. Sai ga shi a tashar tram, da manyan jakunkuna biyu na kaya, rigarsa ta jiƙe, ya rame har wuya ya fito. Ya gan ni, na gan shi. Ya ɗaga hannu, ban san ko gaisuwa ce ko roƙo ba. Kujerun motata uku babu kowa. Na duba zuciyata ko zan ji tausayi, domin na so in ji, wallahi ban samu ba. Fitila ta koma koriya na wuce, har na iso Lyon ina jin sanyi a raina. In wannan laifi ne ki roƙa mini Allah, amma kada ki roƙe ni a madadinsa.

Abin da nake so ki yi mini guda biyu ne. In Kawu ya dawo, ki shimfiɗa masa tabarma, ki ba shi ruwa, ki girmama shi domin ƙanen Inna ne, sannan ki sa Malam Yakubu ya karanta masa takardar nan daga farko har ƙarshe, a gaban duk wanda ya rako shi. In ya ji ya ce har yanzu maganar tambur ce, to ni da shi sai gaisuwa. Na biyu, ki auni buhun shinkafa daga kuɗin da zan aiko, ki sa a kai ƙofar gidan su Ɗan Juma a Damagaram a ajiye, a ce daga 'ya'yan Inna, sun mayar masa da shinkafar sadakarsa. Sannan ki sake yi mata sadaka da namu.

In Allah ya kai mu hutun damina zan zo da Leïla da Raihana, na riga na gaya wa patron. Ba na son tarba, ba na son a yanka komai. Daga tasha ki kai ni maƙabarta ki nuna mini wurin, don har yau ban san ta wane gefe take ba.

Ki gaishe mini da Malam Yakubu da kyau, da Fatsima da mijinta, da Kamal, ki ce masa ya riƙe karatu. Ki gaida Shamsiya da jaririnta, da Gwaggo Hafsah, da maƙwabtan da suka yi jinyar Inna tare da ke, ki ce ban manta da su ba. Leïla tana gaishe ki, ta sa man zafi na ƙafa da turare a kayan Hajiya Zouera. Allah ya jiƙan Inna da Baba, ya haskaka makwancinsu, ya bar mu tare da ke.

Ƙanenki mai jin maganarki a komai ban da wannan,
Salifou